Tarihin Harafin O Da Allon Ƙofar Makarantarmu

Ina roƙon edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu wanda na san wasu za su ce bai kai a ɓata masa takarda ba, wato harafin O. Ina fata mai karatu zai yi mini haƙuri ya bi ni har ƙarshe, domin akwai wata buƙata da nake son in gabatar wa kwamitin ayyuka, kuma ba za ta fahimtu ba sai an ji mafarinta.

Ran da muka yi babban taronmu na bara, na riga yawancin jama'a isowa, don haka na tsaya a bakin ƙofa ina jiran wani abokina. A nan idona ya kai kan tsohon allon nan na ƙarfe mai ɗauke da sunan makaranta. Fentin ya ɓaɓɓare, tsatsa ta ci gefe guda, amma haruffan suna nan daram. Na ƙirga O guda huɗu a jikinsa, biyu daga ciki suna jere da juna a cikin kalmar SCHOOL, sai ka ce tagwaye 'yan gida ɗaya, ba ka iya cewa ga Hassan ga Husaini. Duk wanda ya taɓa riƙe burushi ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Da aka shiga taro sai na ji an kawo shawarar a cire allon, a sa irin na zamani wanda ake bugawa da kwamfuta a kan leda. Ban ce komai ba a lokacin, domin ban shirya hujjata ba. Wannan rubutu shi ne abin da ya kamata in faɗa a ran nan.

Wanda ya rubuta allon nan da hannunsa, kowa ya sani, shi ne malaminmu na zane, wanda ba sai na ambaci sunansa ba. 'Yan ajinmu za su tuna zangon da ya koya mana manyan haruffa masu kauri, irin na allon sanarwa. Ya sa kowa ya ja layi biyu da rula, na sama da na ƙasa, sa'an nan muka fara da E da F da H da L da T. Waɗannan mako guda muka gama da su, tun da duk miƙaƙƙun layuka ne, rula ce ke yin aikin. Da muka zo kan O sai tafiya ta tsaya. Mako uku cur muna abu ɗaya. Na wani ya fito kamar ƙwan zabo, na wani kamar dankalin Hausa, nawa kuwa Malam ya ɗaga shi sama ya tambayi aji ko wa ya taka mini gora. Ya hana kamfas, ya kuma hana dabarar da wasunmu suka ɓullo da ita ta kifa murfin kwalbar lemo a bi gefensa da fensir. In ka kai masa aikinka sai ya juya takardar, sama ta koma ƙasa, ya miƙo maka. Nan take sai ka ga karkacewar da ɗazu idonka ya ɓoye maka.

Ƙa'idojin da ya ba mu har yau ina riƙe da su. A fara zana akwati mai kusurwa huɗu da fensir mara nauyi, a raba shi biyu a tsaye da kuma a kwance, don a san inda cikin harafin zai fi fitowa. Kada a zagaya da fensir gaba ɗaya a numfashi guda. A ja ɓarin hagu daga sama zuwa ƙasa, a ɗaga hannu, a koma sama a ja ɓarin dama, su haɗu a gindi. Kafaɗa da gwiwar hannu su ne za su motsa, yatsu riƙo kawai ne aikinsu. Bayan an gama da'irar waje sai a zana ta ciki, kuma a nan ne yake cewa mu daina kallon baƙin, mu kalli farin da ke tsakiya, domin in farin ya yi kyau harafi ya yi kyau. Sai abubuwa biyu da muka ɗauka son wahalar da mu ne kurum. Na farko, wai lalle O ya ɗan ƙetare layin sama da na ƙasa, kamar kaurin tsinke, in ba haka ba zai zama kamar ƙanen H da ke kusa da shi. Na biyu, wai sama da ƙasan harafin su ɗan fi gefensa siranta, domin layin da ke kwance ya fi cika ido a kan na tsaye ko da kaurinsu ɗaya. Akwai wata hanya mai sauƙi, wadda ake zana harafin a kan gidaje uku a faɗi biyar a tsayi a yanke kusurwoyi huɗu, irin na rigunan 'yan ƙwallo. Malam ya nuna mana ita a rana ta ƙarshe, ya ce wannan ta ranar gaggawa ce.

Sai da na shiga jami'a na ci karo da wani littafi kan tarihin rubutu a laburare, sa'an nan na gane ashe abin da muke fama da shi a aji, manyan masana sun yi shekaru aru-aru suna kokawa da shi.

Asalin harafin O hoton ido ne. A lokacin sanyin 1904 zuwa 1905, wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Flinders Petrie, tare da matarsa Hilda, suna aiki a wani wuri da ake kira Sarabiɗ al-Khadim a tsibirin Sina'i, inda Misirawan dauri suke haƙar dutsen ado mai shuɗi-shuɗi da Larabawa ke kira fairuz. A nan suka sami wasu zane-zane a jikin duwatsu, masu kama da rubutun Fir'aunoni amma alamominsu kaɗan ne ƙwarai. A 1916 wani masani, Alan Gardiner, ya gano bakin zaren. Ma'aikatan da suka yi rubutun, fiye da shekara 3,500 da suka wuce, suna magana ne da wani harshe ɗan'uwan Larabci da Ibrananci. Dabarar da suka yi ita ce a zana hoton abu, amma a karanta sautin farko na sunansa kaɗai. Kan sa, wanda suke kira alf, ya zama sautin farkon wannan kalma, gida kuma, wato bait, ya zama b. Haka nan suka zana ido, har da ƙwayarsa a tsakiya, don sautin farko na kalmar ain, wannan sautin na maƙogwaro da duk wanda ya yi karatun allo ya sha fama da shi.

Da rubutun ya isa hannun Finikawa, 'yan kasuwar teku na biranen Sur da Saida da Jubail a ƙasar Labanan ta yau, sai suka rage masa ado. Ɗan kasuwa ba shi da lokacin zana gira da ƙwayar ido, saboda haka ido ya koma 'yar da'ira kawai. Haka yake a jikin akwatin gawar Sarki Ahiram na Jubail, wanda aka tono a 1923, kuma masana ke cewa rubutunsa ya kai kimanin shekara 1,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Haruffan Finikawa 22 ne, duk baƙaƙe, babu wasali ko ɗaya, ain kuwa shi ne na 16.

A nan ne abin ya fi ba ni mamaki, kuma ina so malamanmu na Arabiyya su duba wannan da kyau. Daga wannan tushe hanya ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya bi ta hannun Aramiyawa da Nabaɗawa, inda da'irar ta buɗe baki ta sama saboda saurin alƙalami, har ta zama ain ɗin Larabci, wanda a makarantar allo muke kira an baki wofi in yana farkon kalma, an likkafa in yana tsakiya. Ɗaya reshen ya haye teku ya zama O. Wato ain da O uwa ɗaya uba ɗaya suke. Wanda ke shakka ya ɗauki jerin abajada ya gwada da na boko. Kalaman, ai K, L, M, N ne a jere. A kalmar da ke biye, in aka tsallake harafin farko, sai ain da fa, daidai inda O da P suke. Ƙarashat kuma Q, R, S, T. Bugu da ƙari, a hisabi ain 70 ne, kuma a lissafin Girkawa na haruffa O ɗinsu ma 70 ne. Ran da na fara ganin wannan, na daɗe zaune ina tuna yadda muke ɗaukar karatun safe da na yamma kamar ba su taɓa haɗa hanya ba.

Girkawa sun karɓi haruffan Finikawa wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Harshensu ba shi da sautin ain, amma yana da buƙatar wasula ƙwarai, don haka suka ɗauki 'yar da'irar nan da ba su da aikin yi da ita suka ba ta sautin o. Haka suka yi da alf ya zama a. Daga baya Girkawan yankin Ayoniya, a gaɓar yammacin Turkiyya ta yau, suka ga akwai o mai tsawo da ke buƙatar alamarsa, sai suka buɗe gindin da'irar suka yi mata ƙafafu biyu, suka ajiye ta a ƙarshen jeri. Wannan shi ne omega, wato babban o, na asalin kuma aka riƙa kiransa omikiron, ƙaramin o. Birnin Atina ya karɓi wannan tsari a hukumance a shekara ta 403 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Italiya kuwa harafin ya tsallake rijiya da baya, domin Itiruskawa, waɗanda suka yi wa Rumawa jagora wajen rubutu, ba su da sautin o a harshensu. Suna dai rubuta shi a jerin koyon haruffa, kamar na ɗan allon hauren giwa da aka samu a Marsiliyana, amma ba sa amfani da shi a kalmominsu. Rumawa suna da sautin, suka riƙe harafin, ya iso gare mu.

Siffar O ta manyan haruffa wadda masu zane ke koyi da ita har gobe, a birnin Rum ta kammala. A shekara ta 113 Miladiyya aka ƙaddamar da hasumiyar Sarki Tarajan, a gindinta kuma akwai rubutu layi shida da aka sassaƙa a dutse, tsayin haruffan kimanin santimita 11 a layukan sama, suna ɗan raguwa zuwa ƙasa. O ɗin da ke wurin yana da kauri a gefe, siriri a sama da ƙasa, kuma siririn wurin bai tsaya daidai tsakiya ba, ya ɗan karkata hagu. An daɗe ana zaton da kamfas da rula aka tsara su. Wanda ya warware wannan wani limamin coci ne ɗan Amurka, Edward Catich, wanda kafin ya shiga aikin coci ya yi sana'ar rubuta allunan shaguna a birnin Shikago. Ya je Rum ya yi ta nazarin dutsen, sa'an nan a littafinsa na 1968 ya nuna cewa da burushi mai faɗin baki aka fara rubuta haruffan a kan dutse, masassaƙi ya biyo baya da kurfi. Karkatar nan ta O sawun yadda hannun mutum ke riƙe burushi ce. Abin da ya burge ni shi ne, masana sun yi ta kallon dutsen nan ƙarni bayan ƙarni, amma sai da mai rubuta allon kanti ya zo sa'an nan aka gane.

Su ma Musulmi sun yi nasu tunanin a kan da'ira tun da wuri. Ibn Muƙla, wanda ya yi wa halifofin Abbasiyawa uku waziri a Bagadaza, ya rasu a 940 Miladiyya, shi ake jingina wa tsarin auna haruffan Larabci da abubuwa uku: ɗigon alƙalami, da tsayin alif, da da'irar da faɗinta ya yi daidai da tsayin alif ɗin. Kowane harafi mai lanƙwasa, kamar nun ko ra, wani yanki ne na wannan da'ira. Siyasar fada ta ci shi har aka yanke masa hannun dama, Allah Ya kiyashe mu. A Italiya kuma akwai labarin mai zane Giotto, wanda ya rasu a 1337. Giorgio Vasari, a littafinsa na tarihin masu zane da ya fito a 1550, ya ce manzon Paparoma ya zo neman samfurin aikinsa, sai Giotto ya tsoma burushi a jan fenti, ya manne gwiwar hannunsa a haƙarƙarinsa, ya murza hannu sau ɗaya ya fitar da cikakkiyar da'ira, ya ce a kai wannan. Manzon ya ɗauka raini ne, Paparoma kuwa ya gane. Vasari ya rubuta labarin ne shekara fiye da 200 bayan mutuwar mai shi, amma dai ya nuna matsayin da O na hannu yake da shi a idon mutanen wancan zamani.

Bayan an ƙirƙiro injin ɗab'i, sai masana lissafi na Turai suka ɗaura ɗamarar mayar da haruffan Rumawa ƙarƙashin kamfas. Luca Pacioli, wanda 'yan'uwanmu akantoci suka sani a matsayin wanda ya fara buga bayanin tsarin shigar da kuɗi gida biyu a 1494, ya fitar da wani littafi a Banis a 1509 mai ɗauke da zanen haruffa a cikin murabba'i da da'ira, kuma O har iri biyu ya zana. Albrecht Dürer ya yi nasa a Jamus a 1525. A Faransa, Geoffroy Tory ya fito a 1529 da ra'ayin cewa dukkan haruffa daga biyu suka tsiro, I da O, wato miƙaƙƙen layi da da'ira, wanda in an lura bai yi nisa da alif da da'irar Ibn Muƙla ba. Abin ya kai maƙura a zamanin Sarki Luwi na 14, lokacin da aka kafa kwamitin masana a farkon shekarun 1690 don tsara wa maɗaba'ar sarki haruffa na musamman. Kwamitin ya raba akwatin kowane babban harafi zuwa ƙananan gidaje 2,304, wato 48 sau 48. Mu ma'aikatan gwamnati mun san irin wannan aiki na kwamiti. Amma da zanen ya je hannun Philippe Grandjean, wanda zai sassaƙa haruffan a kan ƙarfe, sai ya bi abin da idonsa ya nuna masa a wurare da dama, domin gidaje dubu biyu ba sa shiga kan ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar wake ba. An fara buga littafi da su a 1702.

Haruffa masu kauri ɗaya, marasa ƙafafu da ado, irin waɗanda Malam ya koya mana, 'yan baya-bayan nan ne a harkar ɗab'i. William Caslon na huɗu ne ya fara sa su a kundin samfurin haruffansa a Landan a 1816, masu talla da masu allunan kanti kuma suka rungume su saboda ana hango su daga nesa. Shekara ɗari daidai bayan haka, a 1916, Edward Johnston ya kammala haruffan da Frank Pick ya sa shi ya tsara wa jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan, ya yi O ɗinsa da'ira cikakkiya. A Jamus, Paul Renner ya fitar da haruffan Futura a 1927, waɗanda in ka gan su sai ka rantse kamfas ne ya zana su. Amma masu auna su sun nuna O ɗin ba cikakkiyar da'ira mai kauri ɗaya ba ce, an ɗan rage saman da ƙasan don ido ya ga kamar ɗaya ne. Ƙetare layin nan kuwa, har yau duk masu tsara haruffan kwamfuta suna yin sa, yawanci kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na tsayin harafi. Ashe tsinken Malam yana da lissafi.

To, yaya O ya shigo Hausa? Kakanninmu da ajami suke rubutu, kuma Larabci wasula uku yake da su. Don sautin e malamai sun sami mafita da ɗigon nan na ƙasa da ke cikin ƙira'ar Warshu, amma o yawancinsu da rufu'a suke rubuta shi kamar u, ta yadda kura da kora siffarsu ɗaya, sai ma'anar zance ta raba. Boko ya fara ne da 'yan mishan irin su J. F. Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843 da nahawu a 1862. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A shekarun 1930 aka kawo baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, lokacin da Rupert East ke jagorancin hukumar talifi a Zariya, sa'an nan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. A duk wannan gyare-gyare ba wanda ya taɓa O, ya shigo yadda yake ya zauna. Sai dai Hausa ba ta cika fara kalma da shi ba. In ka cire oho da 'yan kaɗan irinta, sauran baƙi ne, kamar ofis da oda da Oktoba. Wurin zamansa ƙarshen kalma ne da tsakiya in yana da tsawo: Kano, tuwo, gero, doki, goro. Turawa sun rubuta Sokoto da O uku, mu kuwa a Sakkwato guda ɗaya ya ishe mu. Ita kanta kalmar boko biyu ta samu.

Akwai wata fitina da O ya daɗe yana jawowa, kuma ni ma ta taɓa ni. Sifiri, wanda ya zo mana daga Indiya ta hannun Larabawa, shi ma da'ira ne, har akwai rubutun dutse na shekara ta 876 a Guwaliyo da ke nuna shi haka. Keken rubutu na farko da kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874 ba shi da maɓallin sifiri ko na ɗaya, mai bugu da O da I yake maye gurbinsu. Da kwamfuta ta zo, ita ba ta yarda da wannan aron ba. Shi ya sa tun 1981 lambar shasi ta mota mai alamomi 17 ba a sa mata I ko O ko Q. Lokacin da na kama aiki, an ba mu fom aka ce a cike da manyan haruffa. Lambar fayil ɗina tana da harafin O a farko da sifiri a tsakiya, ni kuma saboda gaggawa na yi su iri ɗaya. Wanda ya shigar da bayanan ya karanta duka biyun a matsayin sifiri. Wata uku ban ga albashi ba, ina ta hawa bene ina sauka a wani ofis da ba zan faɗi sunansa ba, ga bashin mai shago, ga mahaifiyata tana ganin na fara aiki na manta da gida. Da aka zaro fom ɗin aka nuna mini, ban iya ɗora wa kowa laifi ba, domin Malam ya sha gaya mana cewa O mai ƙiba ne, sifiri kuwa siriri.

Bayan taron nan na bara na je na gai da Malam a gida. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, sai da na faɗi shekarar da muka fita da wurin zamana a aji sa'an nan ya gane ni, kuma bai manta da gorar ba. Na ba shi labarin ain da O, ya yi dariya ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne O ba ya yafe wa mai gaggawa. Na tambaye shi yadda ya yi tagwayen nan na jikin allo. Ya ce ya zana guda a kan takardar siminti, ya bi layin da allura ya huhhuda, ya ɗora a kan ƙarfen ya bubbuga garin alli a ƙyalle, sai ɗige-ɗige suka fito. Ya matsa gaba ya sake yi, sa'an nan ya bi da burushi. Ya ce bai yanke kwali ya fesa fenti ba, domin O na kwali dole a bar masa gada sama da ƙasa, in ba haka ba cikinsa ya faɗo, shi kuma ba ya son sunan makaranta da tsaga. Kwana huɗu ya yi a kan allon, da yamma bayan an tashi, kuma ba a biya shi ko kwabo ba sai kuɗin fenti. Ban gaya masa shawarar da aka kawo a taro ba.

Buƙatata ga kwamitin ayyuka ita ce a dakata da batun cire allon. Na san na leda ya fi sauri, kwana ɗaya an gama, amma duk mun ga yadda rana da iskar hunturu ke yi masa, ya koɗe ya yage, alhali wannan na ƙarfe ya ga yaye ɗalibai fiye da yadda zan iya ƙirgawa. A kankare tsatsar a hankali ba tare da an goge sawun haruffan ba, a yi masa sabon fenti na ƙasa, a zaɓo ɗalibai biyar ko shida daga cikin masu son zane, a ɗauko Malam a mota a ajiye masa kujera a inuwa ya riƙa ba su umarni. Ko da idonsa bai ga layi sosai ba, bakinsa yana nan, kuma malamin zane na yanzu zai iya tsayawa a kansu. Ni na ɗauki nauyin fenti da burushi da kuɗin mota, abokina da na jira a bakin ƙofa ran nan kuma ya ce shi zai biya mai walda ya gyara ƙafar allon da ta rube. Abin da ya rage shi ne amincewar kwamiti da ta shugaban makaranta, da kuma sa rana kafin damina ta faɗi. Duk ɗan ajinmu da ke son ya zo ya riƙe tsani, ya sanar da sakataren ƙungiya.